Tambaya da Amsa: Ɗaukar Fim a Kan Mai Zanen da Ba Ya Zana Siffar Komai

Wasiƙun da muka zaɓa a wannan fitowar sun taru a kan batu guda, wato yadda ake shirya fim na gaskiya, wanda ake kira dokumentari, a kan rayuwa da aikin mai zane na wannan zamani wanda zanensa launuka ne da layuka kawai, ba mutum, ba dabba, ba gida. Mun taƙaita wasiƙun saboda ƙarancin fili.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne mai koyon aikin fim, kuma an ba mu aikin kammala karatu na shirya fim na gaskiya mai tsawon minti 30. Na sami wata mai zane da ta yarda in ɗauke ta tana aiki, amma zanenta ba ya nuna siffar komai, launi ne a kan launi. Ina tsoron mai kallo zai gaji tun kafin a yi nisa. Ina labarin yake a irin wannan aiki?

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗalibi. Labarin yana nan, sai dai ba a inda kake nemansa ba. Mai zanen fuskar mutum yana da abin da zai gwada aikinsa da shi, domin ko dai zanen ya yi kama da mai fuskar ko bai yi ba, kuma kowa zai iya yanke wannan hukunci. Ita wadda za ka ɗauka ba ta da wannan ma'auni. Duk lokacin da ta ɗora buroshi a kan ƙyallen zane sai ta yanke shawara ita kaɗai: ta ƙara, ta goge, ta rufe abin da ta yini tana yi, ko ta ajiye buroshin ta ce ya isa. Waɗannan shawarwari su ne labarinka, kuma akwai fargaba a cikinsu, domin kowace shafa guda tana iya gyara zanen ko ta kashe shi, kuma ba a komawa baya.

Misalin da ya fi dacewa ka nazarta shi ne fim ɗin da Corinna Belz ta fitar a 2011 a kan Gerhard Richter, mai zanen ƙasar Jamus da aka haifa a Dresden a 1932. Ta ɗauki mafi yawansa a ɗakin zanensa da ke birnin Kolon a 2009. Abin da ke faruwa a fim ɗin bai taka kara ya karya ba idan aka ba da shi da baki. Mataimakansa suna tace fenti ta cikin ƙyalle don kada a bar gudaji a ciki. Shi kuma yana shafa launuka masu haske da faffaɗan buroshi, sannan ya ɗauko wani dogon faifan roba mai ƙarfi, wanda wani lokaci faɗinsa ya kai na zanen kansa, ya lafta masa fenti, ya dafa shi da hannu biyu, ya ja shi a hankali daga wannan gefe zuwa wancan da dukkan nauyin jikinsa. Faifan yana ɗora sabon launi a wani wuri, yana kankare tsohon a wani wurin, kuma shi kansa bai san takamaiman abin da zai fito ba sai ya ɗaga. Daga nan sai ya ja da baya ya tsaya yana kallo, shiru. Mai kallo yakan kamu da son wani yanayi na zanen, ya ce a ransa a bar shi haka, sai ya ga an sake jan faifan, abin da yake so ya ɓace. Wannan ɓacin ran da mai kallo ke ji shi ne shaidar cewa ya shiga cikin aikin, kuma fim ɗin ya riƙe mutane sama da awa ɗaya da rabi da shi.

Saboda haka shawarata ta farko ita ce ka zaɓi zane ɗaya, ko biyu idan tana aiki a kansu tare, ka bi shi tun yana farin ƙyalle har ranar da zai bar ɗakin. Wannan ne ƙashin bayan fim ɗinka. A ƙarshen kowace ranar aiki ka ɗauki zanen daga wuri guda, da haske iri guda, ta yadda a wajen tacewa za ka iya nuna wa mai kallo abin da aka binne a ƙarƙashin abin da yake gani. Ka yi alama a ƙasa inda ƙafar kyamara take tsayawa don kada wurin ya canza. Kuma kada ka kashe kyamara da zarar ta ajiye buroshi, wanda shi ne kuskuren da sababbin masu ɗauka suka fi yi, suna ganin aiki ya tsaya. A lokacin da ta koma kujera tana duban zanen, ta karkata kai, ta tashi kamar za ta taɓa shi sannan ta fasa, a nan ne ake yin aikin na ainihi. Ka ɗauki fuskarta, ka ɗauki abin da take kallo, ka bar shirun ya yi tsawonsa.

Akwai dabarar da ɗalibai ke so ƙwarai, ta hanzarta hoto ta yadda aikin mako guda zai wuce cikin daƙiƙa 40. Ba na hana ta gaba ɗaya, amma ina ganin ɓarnarta ta fi amfaninta a irin wannan fim, domin tana share shakka da jinkiri, ta mayar da aikin tamkar abin da ya zubo da kansa ba tare da wahala ba, alhali shakkar ce ka zo ɗauka.

Game da tarihin rayuwarta kuwa, ka shigo da shi a inda ya taɓa aikin kawai. Wani lokaci rayuwar ce ke ɗauke da nauyin fim ɗin, kamar yadda ya kasance a gajeren fim ɗin da Alison Klayman ta yi a 2015 a kan Carmen Herrera, wadda aka haifa a Habana ta ƙasar Kyuba a 1915, ta shafe shekaru da dama tana zane a birnin New York na Amurka ba wanda ya kula ta, har sai a 2004, tana da shekara 89, kasuwa ta waiwaye ta. Irin wannan rayuwa labari ce da kanta. Amma ba kowane mai zane ke da ita ba, kuma bai kamata ka matsa wa mace mai zaman lafiya sai ka tono mata wata masifa ta ƙuruciya don fim ya yi armashi ba. Idan abin da ke akwai shi ne mace da ke shiga ɗaki kowace safiya tana kokawa da launin shuɗi, to ka yarda da shi, ya ishe ka minti 30.

TAMBAYA: Malam, ni mai zane ce. Wani mai shirya fim ya nemi ya riƙa zuwa ɗakin aikina yana ɗaukata na tsawon watanni. Ina son aikina ya kai ga jama'a, amma ban taɓa zane wani yana kallona ba, kuma ina jin tsoron hannuna zai canza. Shin tsoron nan yana da tushe, ko kunya ce kawai?

AMSA: Malama, tsoronki yana da tushe, kuma manyan da suka riga ki sun ɗanɗana shi. Richter da muka ambata a sama, duk da shekarunsa da sunansa, ya dakata a tsakiyar wancan fim ya nuna cewa zane a ƙarƙashin idon kyamara yana takura masa matuƙa, kuma Belz ta yi hikimar barin wannan ƙorafi a cikin fim ɗin maimakon ta yanke shi. Ita kanta ba rana ɗaya ta sami shiga ɗakin ba, sai da ta fara yin wani fim a kan tagar gilashi mai launuka da ya tsara wa babbar majami'ar Kolon, tagar da aka buɗe a 2007, yarda ta ginu a tsakaninsu tukuna.

Labarin da aka fi kafa hujja da shi shi ne na Jackson Pollock na Amurka, wanda yake shimfiɗa ƙyalle a ƙasa ya riƙa zagaya shi yana ɗiga fenti da sanda. A 1950 mai ɗaukar hoto Hans Namuth ya ɗauke shi hotuna ɗaruruwa, sannan ya koma ɗaukar fim mai launi. Saboda yana son a ga fuskar Pollock da fentin a lokaci guda, sai aka kafa faifan gilashi a sama, Namuth ya kwanta a ƙarƙashinsa da kyamara, Pollock yana zuba fenti a kan gilashin. Hoton ya yi kyau, kuma zanen gilashin yana nan har yau a gidan adana zane na ƙasar Kanada da ke Ottawa. Amma aikin ya zama na umarni, a ce masa fara, a ce masa tsaya, a ce ya sake, a waje cikin sanyi, mutumin da ya saba bin hannunsa ba tare da kowa ya katse shi ba. A ranar ƙarshe ta ɗaukar, cikin watan Nuwamba, Pollock ya shiga gida ya koma shan giyar da ya bari kimanin shekara biyu, ya kifar da teburin abinci a gaban baƙi. Ya rasu a haɗarin mota a 1956. Ba daidai ba ne a ɗora wa kyamara dukkan abin da ya same shi, domin matsalarsa ta girmi wannan fim, amma darasin a fili yake: abin da ya ci masa rai shi ne an mayar da shi ɗan wasan da ke kwaikwayon kansa.

Akwai kuma masu zanen da kyamara ba ta dame su ba, har ma tana ƙara musu kuzari. Picasso, fitaccen mai zanen ƙasar Sifaniya, ya yi wa mai shirya fim Henri-Georges Clouzot zane da wata tawada mai ratsa takarda, kyamara tana ɗauka ta baya, ana ganin layi yana fitowa ba a ganin hannu, kuma fim ɗin ya sami lambar yabo a bikin fina-finai na Cannes a Faransa a 1956. Sai dai wannan nuni ne da aka shirya domin kyamara tun farko, kuma kowa ya san haka. Ke ce kika san a wane ɓangare kike.

Idan kin yanke shawarar yarda, ga sharuɗɗan da nake ganin ya kamata ki kafa tun kafin a shigo da ko waya guda. Kada masu shigowa ɗakin su wuce biyu, kuma su zama mutanen nan dai kullum. Su yi zuwa na farko da na biyu ba tare da kyamara ba, su zauna su ga yadda kike zirga-zirga, don su san inda za su tsaya ba su tare miki hanya tsakanin zane da wurin da kike ja da baya ba. Ba za ki maimaita shafa ko guda don kyamara ta rasa ta ba, abin da ya wuce ya wuce. Kina da ikon cewa yau a fita, ba tare da kin ba da dalili ba. A wasu ranakun ana iya kafa kyamara a bar ta tana ɗauka ba kowa a ɗakin, ko da yake ita ma ido ce, kuma za ki ji ta. Sannan ku rubuta a takarda wane ne ke da maganar ƙarshe a kan abin da zai fito. A nan zan faɗi abin da wataƙila ba zai yi miki daɗi ba: ina ganin hakkinki ne ki kalli fim ɗin kafin ya fita, ki gyara kuskuren bayani, ki hana abin da ya shafi sirrin iyalinki, amma idan kika karɓi ikon cire duk inda zane ya gagare ki, abin da zai rage talla ne, kuma mai kallo yana gane talla.

TAMBAYA: Na gwada ɗaukar zanen wani abokina, amma ja ya koma ruwan lemo, fentin yana ƙyalli, kuma zane mai tsawon mita biyu ya fito a waya kamar ɗan katin gaisuwa. Me nake yi ba daidai ba?

AMSA: Malam, matsaloli uku ka kawo, kowace da maganinta. Canjin launi yawanci daga gaurayar haske yake zuwa. Hasken rana da ke shigowa ta taga yana kusa da 5600 a ma'aunin launin haske da ake kira Kelvin, na tsohon ƙwan lantarki mai zafi kuma wajen 3200, don haka idan suka haɗu a kan zane ɗaya kyamara ba ta san wanda za ta ɗauka a matsayin fari ba, sai ta yi ta sauyawa. Ka zaɓi haske iri ɗaya ka kashe ɗayan, ka saita farin kyamara da hannu maimakon ka bar ta ta zaɓa, kuma a farkon kowace ɗauka ka riƙe katin gwajin launi ko kati mai ruwan toka a gaban zanen na 'yan daƙiƙoƙi, domin mai gyaran launi ya sami abin dogaro daga baya. Idan an zo gyaran launin, ka zaunar da mai zanen a gefenka. Shi ne ya haɗa jan nan, kuma idonsa ya fi na kowa saninsa.

Ƙyalli kuwa daga kusurwar fitila yake. Fitilar da ke fuskantar zane kai tsaye tana dawo da haskenta cikin idon kyamara, musamman idan fentin mai ne kuma bai bushe ba. Ka ajiye fitilu biyu a dama da hagu, kowace a kusurwar digiri 45, ka ƙara da gilashin rage ƙyalli da ake ɗaurawa a bakin kyamara, kana juya shi har ƙyallin ya kwanta. Amma kada ka kashe shi duka a kowane hoto, domin danshin fenti yana cikin abin da ke nuna cewa aikin yana da rai. Idan kuma kaurin fentin kake son nunawa, sai ka kawo fitila ɗaya ta gefe sosai, kusan a jikin bango, nan take kowane tudu da kwari da sawun gashin buroshi zai fito da inuwarsa.

Girman zane ba ya fitowa sai an ga mutum a kusa da shi, don haka ka fara da hoto mai faɗi wanda mai zanen ke tsaye a gabansa, sannan ka matsa. Mark Rothko, mai zanen Amurka, ya so a tsaya kusa da manyan zanensa, tazarar da ba ta kai rabin mita ba, don launi ya cika idon mai kallo har ya rasa gefe, kuma kyamara tana iya yin wannan idan aka bar ta ta tsaya cik. Yawo da ita sama da ƙasa a kan zane ba tare da dalili ba yana hana ido zama. Kada kuma ka manta da sauti, ko da yake ba ka tambaya ba. Ka sa makirufo kusa da ƙyallen, domin karcin wuƙar fenti da jan buroshi da takun ƙafa a kan daɓe suna gaya wa kunne nauyin fentin da ido ba ya iya aunawa, kuma sun fi kiɗan da za ka ɗora daga baya amfani. A wajen tsara ranakun ɗauka ka tambayi irin fentin da yake amfani da shi, domin na roba yana bushewa cikin mintuna, na mai kuwa yana ɗaukar kwanaki ko makonni, kuma mai zane ba zai sake sa wa zanen hannu ba sai bushewarsa ta kai yadda yake so, ko kana nan ko ba ka nan.

TAMBAYA: Shin wajibi ne a kawo masana su bayyana ma'anar zanen a cikin fim?

AMSA: Ba wajibi ba ne, kuma idan mai zanen yana raye yana aiki, ni na fi son a rage su. Inda ba makawa sai da su shi ne inda mai aikin ya riga mu gidan gaskiya. Fim ɗin da Halina Dyrschka ta yi a 2019 a kan Hilma af Klint ta ƙasar Suwidin, wadda ta fara zane marar siffa a 1906, kafin Kandinsky, mai zanen Rasha da ake yawan ba wa matsayin wanda ya fara, ta kuma rasu a 1944, dole ya dogara da masana tarihi da dangi da littattafan da ta bari, domin hujja yake kafawa a kan wanda ya riga wani. Amma Mary Lance, wadda ta bi mai zane Agnes Martin shekaru da kyamara a jihar New Mexico ta Amurka kafin rasuwarta a 2004, ta bar tsohuwar ta yi magana da bakinta tana jan layukanta, kuma hakan ya wadatar. Idan za ka yi wa mai zane tambaya, ka guji cewa mene ne ma'anar wannan, domin amsar da za ka samu haddatacciya ce da ya saba ba baƙi a wajen baje koli. Ka tambaye shi dalilin da ya sa ya rufe koren da ke kusurwar hagu jiya, ko yadda ya gane cewa wancan ya gama wannan bai gama ba. Tambayar da ke da fenti a jikinta ita ke kawo amsar gaskiya.

TAMBAYA: Wanda ya sayi zanen ya ba ni izinin ɗaukarsa a gidansa. Ina bukatar wani izinin kuma?

AMSA: Kana bukata. A dokokin yawancin ƙasashe sayen zane yana ba mutum ƙyallen da fentin ne, amma hakkin mallakar aikin, wanda ya haɗa da ikon yaɗa hotonsa, yana nan a hannun mai zanen sai idan ya sayar da shi a rubuce. Bayan rasuwarsa hakkin yana komawa ga magadansa, na aƙalla shekara 50 a ƙarƙashin yarjejeniyar Berne ta ƙasa da ƙasa kan hakkin mallaka, kuma ƙasashe da yawa sun kai shi 70. Saboda haka izini biyu kake nema, na mai gida don shiga da ɗauka, da na mai zane ko magadansa don nunawa, kuma duka a rubuce, a fayyace ko fim ɗin zai fita a talabijin, ko intanet, ko bukukuwan fina-finai. Haka nan ka kula da zanen wasu da ke rataye a bangon ɗakin, da kuma waƙar da ke tashi a rediyo lokacin da mai zane ke aiki, domin ita ma tana da masu ita, kuma idan ta shiga cikin muryarsa ba ta fita cikin sauƙi a wajen tacewa. Ka roƙe shi ya kashe rediyon a ranakun ɗauka, ko ya saurara ta abin sawa a kunne.